Tambayi Akanta: Kuɗin Mota, Kuɗin Kwana da Motar Kamfani a Gaban Haraji

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya ne: kuɗin mota, kuɗin mai, motar kamfani, da abin da haraji yake yanka a cikinsu. Na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Duk lissafin da za ku gani na yi shi ne da jadawalin harajin albashi da ya fara aiki a Janairun 2024, a ƙarƙashin Dokar Harajin Kuɗin Shiga ta 2015 mai lamba 896, wadda hukumar tara haraji ta ƙasar Ghana, GRA, take aiki da ita. Majalisa takan taɓa jadawalin lokaci-lokaci, don haka mai son auna takardar albashinsa ya duba na shekarar da yake ciki.

TAMBAYA: Malam, ina aikin kai kaya da karɓo oda a wani kamfanin sayar da kayan masarufi. Gundarin albashina sidi 3,000 ne. Da muka koka da tsadar trotro, wato motar haya, aka ƙara mana 800 kuɗin mota, amma da wata ya ƙare 660 kawai na ga sun ƙaru. Akantanmu ya ce haraji ne. Kuɗin mota ma ana cire masa haraji, ko dai cutarmu ake yi? Daga wani matashi a Aboabo.

AMSA: Ƙanena, akantanku bai ci maka ko pesewa ɗaya ba, kada ka ɓata da bawan Allah a banza. Zauna mu lissafa tare. Daga gundarin albashinka ana fara cire kashi 5.5 cikin 100 na SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata, wato sidi 165, saura 2,835. Sidi 490 na farko ba a taɓa su. A kan 110 da ke biye ana cire kashi 5, wato 5.50. A kan 130 na gaba kashi 10, wato 13. Abin da ya haura 730 har zuwa 3,896.67 kuwa kashi 17.5 ake yanka. Kafin ƙarin, harajinka na wata sidi 386.88 ne. Da 800 ɗin suka hau, jimillar ta zama 3,635, harajin ya koma 526.88. Tsakaninsu sidi 140 ne cif, ka ga inda 660 ɗinka suka fito.

Sashe na 4 na dokar ya jero abin da ake ƙirgawa cikin kuɗin shigar ma'aikaci, kuma ya kira alawus na tsadar rayuwa, na abinci, na haya, na shaƙatawa da na tafiya da sunayensu. Duk kuɗin da aka miƙa maka tsaba kowane wata, ka kashe yadda ka ga dama, albashi ne a wurin GRA, ko an rubuta masa kuɗin mota, ko kuɗin mai, ko kuɗin gyaran babur. An dai canza wa tuwo suna.

Na san za ka ce ai kuɗin ba a aljihunka suke kwana ba, yaron mota ne yake karɓe su tsakanin Aboabo da Adum. Gaskiyarka. Sai dai doka ta saka zuwa aiki daga gida a cikin hidimar kai, layi ɗaya da cefane da haya da sutura, kuma ba a rage wa kowa haraji saboda su. Ni dai wannan yana damuna idan na tuna ƙaramin ma'aikacin da haya ta kora zuwa Kenyasi ko Ejisu, wanda sai ya shiga mota biyu kafin ya isa wurin aiki, alhali ana yanka masa daidai da wanda yake takawa da ƙafa. Amma dokar ke nan a yau.

Kai kana da wata ƙofa da sauran abokan aikinka na ofis ba su da ita. Aikinka yawo ne. Zirga-zirgar da kake yi daga shagon wannan kwastoma a Kejetia zuwa na wancan a Bantama hidimar kamfani ce, ba taka ba. Ka roƙi manajanku a raba abin gida biyu: na zuwa aiki ya zauna a albashi, na yawon aiki kuma a riƙa biyan ka bisa abin da ka rubuta ka kawo. Na biyun babu haraji a kansa, kamar yadda za ka gani a amsa ta gaba. Sannan ka nemi rangwamen da doka ta ba ka. Mai aure da matarsa take ƙarƙashin kulawarsa, ko mai ɗawainiyar 'ya'ya aƙalla biyu, ana cire masa sidi 1,200 a shekara daga abin da za a yi wa haraji, kuma kowane yaro da ke makarantar da gwamnati ta amince da ita ana cire masa 600, har yara uku. Idan ka cika waɗannan, 3,000 ke nan a shekara, wato sidi 525 sun dawo aljihunka. Lambar Ghana Card ɗinka ita ce lambar harajinka tun Afrilun 2021, da ita za ka cike fom ɗin.

TAMBAYA: Baba, ni mai haɗa wutar sola ne a wani kamfani a nan Kumasi. Ana tura ni Techiman, Tamale, wani lokaci har Bolga. Wata rana in kashe nawa a biya ni bayan na dawo, wata rana a ba ni kuɗin kwana a dunƙule. A watan jiya sai na ga an zuba kuɗin tafiyar Tamale a takardar albashina an cire haraji. Daidai ne? Daga ɗanku a Sawaba.

AMSA: Ɗana, amsar tana cikin aljihun jakar da ka tafi da ita. Ka dawo da takardu, ko hannu biyu ka dawo?

Sashe na 4 ɗin da ya sa haraji a kan alawus, shi ne kuma ya keɓe kuɗin da aka mayar wa ma'aikaci saboda abin da ya kashe a madadin ubangidansa don ainihin harkar kamfanin. Tikitin motar da ka hau daga Kumasi ka bi ta Kintampo da Buipe ka sauka Tamale, ɗakin da ka kwana, a-daidaitar da ta kai ka wurin aikin da kayan aikinka, duk kamfani ya kamata ya biya tun farko, kai ka ara masa ne kawai. Mayar maka da su ba samu ba ne, don haka haraji ba shi da rabo a ciki.

Inda ake samun tangarɗa shi ne kuɗin dunƙule. A ce an ba ka sidi 1,500 na tafiyar. Ka dawo ka miƙa rasit na 1,300 ka mayar da 200, magana ta ƙare, babu abin da zai hau takardar albashinka. Amma idan ka riƙe 1,500 ɗin ba ka kawo ko ƙyallen takarda ba, a littafin kamfani abin da za a gani shi ne an ba wane kuɗi, ba a san inda suka shiga ba. Ranar da masu binciken GRA suka zo, irin waɗannan layukan suke bi ɗaya bayan ɗaya, kuma kamfani suke kamawa, ba kai ba. Shi ya sa akanta mai tsoron abin da zai je ya zo yake zuba su a albashi ya yanke haraji tun da wuri. A kashi 17.5, sidi 262.50 ka rasa a tafiya ɗaya, saboda takardun da wataƙila suna nan a cukurkuɗe a ƙasan jakarka.

Ka sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta ka ajiye shi tare da kayan aikinka. Kowace tafiya ka rubuta kwanan wata, daga ina zuwa ina, aikin wa ka je yi, nawa ka biya. Trotro da a-daidaita da mai abinci a bakin tasha ba sa ba da rasit, kowa ya san haka, amma rubutun da ka yi a ranar, wanda shugabanka ya sa wa hannu, ya fi ka zo bayan sati uku kana cewa ka tuna. Rasit ɗin gidan mai da na wasu masaukai a kan takarda mai santsi ake buga su, zafin aljihu kawai yakan goge rubutun ya bar maka farar takarda, don haka ka ɗauki hotonsu da wayarka tun kana tsaye a wurin. Idan da MoMo ka biya, wato ta wayar salula, kada ka share saƙon. Ka kuma riƙe takarda ko saƙon da aka tura ka aikin da shi, domin shi ne yake nuna tafiyar ta kamfani ce. In da babur ɗinka kake zuwa aikin kusa, ka rubuta lambar kilomita lokacin tashi da lokacin dawowa.

Game da na watan jiya, in takardun suna nan ka tattara su ka kai wa akantanku, ka roƙe shi cikin ladabi ya gyara. In kuma abin ya wuce hannunsa, ma'aikaci yana da damar miƙa bayanin kuɗin shigarsa na shekara zuwa ƙarshen Afrilu, ya nemi a mayar masa da abin da aka cire fiye da ƙima. Abu guda da ba zai gyaru ba shi ne alawus ɗin tafiya da ake biya kowane wata a tsaye, ko an yi tafiyar ko ba a yi ba. Wannan albashi ne.

TAMBAYA: Malam, an ɗaga ni zuwa shugabar reshe. Gundarin albashina sidi 8,000, alawus-alawus 2,000. An ba ni zaɓi: ko motar kamfani da mai, ko a ƙara mini 2,500 kowane wata in riƙa amfani da tawa. An ce ko motar na karɓa sai an cire mini haraji. Yaya za a sa haraji a kan abin da ba kuɗi ba, kuma wanne ya fi? Daga wata Hajiya a Asokore Mampong.

AMSA: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya taya ki riƙo. Gaskiya aka faɗa miki. Motar da aka ba ki ki tafi da ita gida, ki kai yara makaranta, ki je suna da biki ranar Asabar, amfani ne da aiki ya ba ki, kuma doka tana yi masa kuɗi. Jadawali na huɗu na dokar ya yanka masa farashi a tsaye, gwargwadon jimillar kuɗin da ake biyan mutum tsaba, wato gundarin albashi da alawus a haɗe. Mota da mai da direba kashi 12.5 ne cikin 100, amma ba zai wuce sidi 1,500 a wata ba. Mota da mai kashi 10, iyakarsa 1,250. Mota kaɗai kashi 5, mai kaɗai ma kashi 5, kowanne iyakarsa 625. Kafin gyaran da aka yi wa dokar a 2023, iyakokin 600 ne da 500 da 250, shi ya sa waɗanda suka daɗe da motar kamfani suka ji canjin a jikinsu a shekarar.

Ki lura da kyau, domin a nan mutane suke firgita: wannan adadin ba shi ake cirewa daga albashi ba. Ɗora shi ake yi a kan kuɗin shigarki a takarda, sannan a yi wa jimillar haraji. Ke jimillarki 10,000 ce, kashi 10 nata 1,000. Kina cikin matakin kashi 25, wanda ya tashi daga 3,896.67 zuwa 19,896.67 a wata. Ke nan motar da manta sidi 250 za su ci miki a wata. Da an haɗa miki da direba, 1,250 za a ɗora, harajin ya zama 312.50.

Yanzu ki ɗauki ɗaya zaɓin. Sidi 2,500 tsaba duk za su shiga haraji, a yanke 625, ki tashi da 1,875. A cikinsu za ki sha mai, ki biya inshora, ki sabunta takardar lafiyar mota a DVLA, hukumar lasisin motoci, ki canza taya da bakin mai, kuma ranar da giya ta ƙi shiga ke ce za ki wuni a Suame Magazine kina ciniki da makaniki. Motar taki kuma kullum tsufa take yi. A ra'ayina, ga mai yawan zirga-zirga kamar shugabar reshe, motar kamfani ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, saboda jadawalin bai damu da tsadar motar ba, bai kuma ƙirga kilomita ba. Wanda aka ba tsohuwar ƙaramar mota da wanda aka ba sabuwar jif, in albashinsu ɗaya ne, harajinsu ɗaya. Ban ce wannan tsari ya yi wa kowa adalci ba, domin manyan ma'aikata ya fi yi wa daɗi: da zarar jimillar mutum ta kai 12,500, ƙimar mota da mai ta tsaya a 1,250 ko albashinsa ya ninka sau biyar. Amma ke da aka ba zaɓi, ki amfana da shi. Kuɗin za su fi miki ne kawai idan gidanki kusa yake da ofis, motarki lafiyayya ce, kuma ba kya yawan fita.

Ki tambaya a rubuce wa zai biya idan aka yi haɗari a lokacin da ba na aiki ba, da kuma ko man yana da iyaka a wata. Motar aiki da take kwana a harabar kamfani, wadda duk wanda aka aika yake ɗauka ya dawo da makulli, daban take, ba a ba wa wani ita don amfanin kansa ba. Direban da aka ɗauka don ya tuƙa ki ma albashinsa kawai ake yi wa haraji.

TAMBAYA: Malam, kamfaninmu zai ba ni bashin sayen babur ba ruwa, in biya cikin shekara biyu. Wani ya ce akwai kuɗin ruwa a ɓoye da GRA take lissafawa, ni kuma ina gudun riba. Daga wani ɗan'uwa a Moshie Zongo.

AMSA: Ɗan'uwa, kamfanin ba zai karɓi ko sisi a kan abin da ya ba ka ba. Abin da doka take yi shi ne ta auna ruwan da bashin zai haifa da an bi ma'aunin Babban Bankin Ghana, ta cire wanda ka biya in akwai, ta ɗauki rubu'in abin da ya rage ta ɗora a kan kuɗin shigarka. A ce awon ya ba da sidi 200 a wata, 50 za a ɗora, harajinsa a kashi 17.5 bai kai sidi 9 ba, kuma asusun gwamnati zai tafi a matsayin haraji. Ba a ma yin wannan lissafin idan wa'adin bashin bai wuce wata 12 ba kuma duk bashin da kamfani yake bin ka bai haura gundarin albashin wata uku ba. Naka na shekara biyu ne, don haka zai shiga. Hukuncin addini kuwa ka kai wa malaminka wannan bayanin yadda na yi maka shi, shi ne mai fatawa.

TAMBAYA: Baba, na gama karatu na sami aiki, sidi 4,000 a wata. Mai kamfanin ya ce zai rubuta gundarin albashi 1,200, sauran 2,800 kuma kuɗin mota da na mai da na haya, wai don haraji ya ragu mini. In yarda? Daga 'yarku a Tafo.

AMSA: 'Yata, wannan ce tambayar da ta fi tsaya mini a rai cikin duk na wannan watan, kuma ina roƙon iyaye su karanta wa 'ya'yansu amsar.

Harajinki ba zai ragu ba, ƙaruwa ma zai yi. Mu gwada hanya biyu. In aka rubuta gundari 3,500 da alawus 500, SSNIT za ta ɗauki 192.50, haraji 557.06, ki tafi gida da 3,250.44. In aka bi tsarin mai kamfanin, SSNIT 66 ce kawai, haraji 582, ki tafi da 3,352. Harajin ya hau da kusan sidi 25, saboda alawus ɗin duk ana yi musu haraji, kuɗin SSNIT da ake cirewa kafin haraji kuma ya ragu. Ƙarin sidi ɗari da ɗoriya da za ki gani a hannu daga kuɗin tsufanki aka ɗebo su.

Ga inda ribar take tafiya. Dokar Fansho ta 2008 mai lamba 766 ta ce ma'aikaci ya sa kashi 5.5, ubangida ya sa kashi 13, jimilla 18.5, kuma a kan gundarin albashi kaɗai ake lissafawa, alawus ba ya ciki. A kan 3,500, mai kamfani zai biya 455 a wata. A kan 1,200 zai biya 156. Sidi 299 ke nan yake tsira da su kowane wata a kanki ke kaɗai. Abin da ake tara miki gaba ɗaya kuma ya faɗo daga 647.50 zuwa 222.

SSNIT tana lissafa fansho ne da matsakaicin albashin watanni 36 mafi tsoka da aka biya wa mutum gudummawa a kansu. Wanda ya cika wata 180, wato shekara 15, yana samun kashi 37.5, kowace shekara ta ƙari tana ƙara 1.125, har zuwa kashi 60. In muka ɗauka albashin bai motsa ba, kashi 37.5 na 3,500 shi ne 1,312.50, na 1,200 kuma 450. Kashi 5 da ake zubawa a mataki na biyu na tsarin fansho, wanda ake ba mutum a dunƙule ranar ritaya, shi ma da gundarin yake tafiya. Ko garabasar ƙarshen shekara abin ya shafe ta: ana yi mata haraji mai sauƙi na kashi 5 ne kawai har zuwa kashi 15 na gundarin albashin shekara, wato 6,300 a tsari na farko, 2,160 a na biyu, abin da ya haura kuma ya shiga cikakken haraji.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi rayuwarsa yana tuƙa babbar motar wani kamfani. Bayan sallar la'asar ya tare ni a ƙofar masallaci, ya zaro takardar bayanin gudummawarsa daga cikin leda, an ninke ta har ta fara yagewa a tsakiya, ya ce in duba masa ko kwamfuta ce ta yi kuskure. Na bi layukan da yatsa wata bayan wata. Babu kuskure. Shekara da shekaru abin da yake kai wa gida yana da auki, amma kusan duka kuɗin hanya ne da kuɗin kwana, gundarin da aka rubuta masa ɗan mitsitsi ne, kuma a kansa aka yanka masa fansho. Ya ce da ni ba wanda ya taɓa gaya masa akwai bambanci. Babu abin da na iya yi masa a ranar, domin lokacin gyara ya wuce tun da daɗewa.

Ke naki bai wuce ba. Na san aiki yana da wuyar samu, ban ce ki yi fatali da shi ba. Ki koma wurin mai kamfanin da ladabi ki ce kin fi son gundarin ya fi yawa ko da abin da za ki karɓa a hannu zai ɗan ragu. In ya ƙi 3,500, ku tsaya a tsakiya, kuma ki nemi a rubuta cewa duk ƙarin da za a yi nan gaba a kan gundari zai hau. In ya kafe, ki karɓi aikin ki buɗe asusun fansho na ganin dama, mataki na uku, wanda doka ta yafe wa haraji har zuwa kashi 16.5 na gundarin albashi. Kuma ki saba duba bayanin gudummawarki na SSNIT, ki tabbata abin da aka cire miki yana isa can.

TAMBAYA: Malam, ina da shagon sari a Alabar da yara shida. Banda albashi, kullum nakan ba masu babur biyu sidi 20 kuɗin mai daga aljihuna. Ni ma akwai abin da ya hau kaina? Daga wani Alhaji.

AMSA: Ranka ya daɗe, akwai, kuma gyaransa ba wuya. In man na kai kaya wa kwastomomi ne, hidimar shago ce: a daina bayarwa daga aljihu, a buɗe littafi, a rubuta wanda ya karɓa da inda aka aike shi, a manna rasit ɗin gidan mai. Ta haka yaran ba su da haraji a kai, kai kuma za ka cire shi cikin kuɗin da shago ya kashe kafin a yi wa ribarka haraji, abin da yanzu kake asararsa. In kuwa na zuwa aiki da komawa gida ne, sidi 20 a kwana 26 ya zama 520 a wata, sai a haɗa shi da albashi a lissafa. Doka ta yi sassauci ga ƙananan abubuwan da ake ba kowa ba bambanci waɗanda bin diddiginsu zai zama wahala, kamar kuɗin motar da ka raba wa yara duka daren da aka sauke kaya har aka yi dare, amma abin da ake ba mutum biyu kullum ba ya shiga nan.

Ubangida ne doka ta ɗora wa cire harajin albashi da miƙa shi ga GRA zuwa ranar 15 ga watan da ke biye, na SSNIT kuma zuwa ranar 14. Wanda bai cire ba, shi za a bi ya biya daga aljihunsa, da ruwan jinkiri a kai, sannan rashin miƙa bayani a kan lokaci yana da tarar sidi 500 da ƙarin 10 a kowace rana. Ɗan dakon da ka ɗauka na yini ɗaya ko biyu lissafinsa daban ne, kashi 5 ake cirewa a abin da aka biya shi. Takardun duka a adana su shekara 6. Ka sa yaron da ya fi iya rubutu a cikinsu ya riƙe littafin man daga ranar ɗaya ga wata mai kamawa, ka kuma sami akanta ya zauna da kai sau ɗaya ya tsara maka takardar albashin mutum shidan.